Dokar da za ta tsare soja a kan aikinsa tana jiran Majalisa

Tun ranar 26 ga Yuli 2023, da dogaran fadar shugaban ƙasa a Yamai suka tsare Mohamed Bazoum, Janar Abdourahamane Tchiani ya karɓi mulki, zancen juyin mulki ya dawo bakin mutanen Najeriya bayan an yi zaton an binne shi. Mali ta riga ta faɗa hannun soja a 2020 da 2021, Gini a 2021, Burkina Faso sau biyu a 2022, Gabon kuma ta biyo baya wata guda bayan Nijar. Duk lokacin da aka tayar da maganar, sai masu mulki su nuna sashe na 1(2) na kundin tsarin mulkin 1999, wanda ya haramta wa kowane mutum ko gungun mutane karɓar ragamar ƙasa ta hanyar da kundin bai tanada ba. Sashen yana da kyau, amma shi kaɗai bai taɓa tsare kowa ba. Kundin 1979 yana ɗauke da irin wannan sashe, kuma bai hana abin da ya faru ranar 31 ga Disamba 1983 ba, lokacin da aka kifar da gwamnatin Alhaji Shehu Shagari. Abin da ke riƙe soja a ƙarƙashin farar hula shi ne dokar da ake aiki da ita kullum, wadda ta fayyace wa ke fito da soja, saboda me, zuwa yaushe, kuma a gaban wa zai yi bayani idan an yi ɓarna. A nan ne Najeriya take da babban giɓi, kuma cike shi aikin Majalisar Tarayya ne da ta kwashe fiye da shekara 25 tana ɗagawa.

Kundin tsarin mulki bai yi shiru a kan soja ba. Sashe na 217 ya ba rundunonin ƙasa, ruwa da sama aikin kare Najeriya daga harin waje da tsare iyakokinta, sannan ya ƙara da murƙushe tawaye da taimaka wa hukumomin farar hula wajen maido da doka da oda idan shugaban ƙasa ya kira su. Sai dai wannan kira na cikin gida an ɗaure shi da sharaɗi: zai gudana ne bisa ƙa'idojin da Majalisar Tarayya za ta shimfiɗa a doka. Sashe na 218 ya ba shugaban ƙasa, a matsayinsa na Babban Kwamandan Askarawa, ikon yanke yadda za a yi amfani da rundunonin, amma a ƙarshensa ya ba Majalisa ikon yin dokar da za ta tsara yadda zai yi amfani da wannan iko, da kuma yadda za a naɗa, a ƙara girma, a ladabtar da jami'ai. Waɗanda suka tsara kundin sun bar ƙofa a buɗe, suka ce wa wakilan jama'a su zo su sa mata ƙyaure. Dokar da ake dogaro da ita har yau ita ce Dokar Rundunonin Soja, wadda asalinta dokar soja ce mai lamba 105 ta 1993. Sashenta na 8 ya bar wa shugaban ƙasa ikon amfani da soja a cikin gida don tsaron jama'a da zaman lafiya, ba tare da ya sa wa'adi ba, ba tare da ya tilasta a kai wa Majalisa rahoto ba. Ke nan dokar da sojoji suka rubuta wa kansu lokacin da suke mulki ita ce take tsara dangantakarsu da gwamnatin da jama'a suka zaɓa.

Abin da wannan giɓi ya haifar kowa yana ganinsa a kan hanya. Wanda ya tashi daga Kaduna zuwa Gusau, ko daga Damaturu zuwa Maiduguri, zai wuce shingayen da aka jera buhunan yashi da ganguna, direba ya rage gudu, ya kashe rediyo, fasinjoji su sauke waya daga kunne, wani wuri ma mai babur ya sauka ya tura abinsa har ya wuce. Wanda ke tsaye a wurin soja ne, kuma sau da yawa shi ake kai wa ƙarar bashi, rikicin gona ko faɗan miji da mata, domin ofishin 'yan sanda ya yi nisa ko an daina yarda da shi. Rundunar musamman da aka kai Filato a 2010 don kwantar da rikicin Jos ta zama mazauniya. A arewa maso gabas akwai rundunar Hadin Kai, a arewa maso yamma an yi Hadarin Daji har aka maye gurbinta da Fansan Yamma, a Binuwai da Nasarawa da Taraba akwai wata, a yankin Neja Delta akwai wata. Kusan babu jihar da ba a ga soja yana aikin cikin gida ba, a ƙasar da take da mutum sama da miliyan 200 amma 'yan sandanta ba su kai 400,000 ba, kuma da yawa daga cikinsu suna gadin manya. Abin da aka fara da sunan taimakon gaggawa ya zama tsarin mulkin yau da kullum a ƙauyuka da yawa, ba tare da an taɓa zama a zauren Majalisa an kaɗa ƙuri'a a kan tsawaita shi ba.

Haɗarin wannan yana da fuska biyu, ta farko kuwa ita ce jinin farar hula. An horar da soja ya ga maƙiyi ya gama da shi, ɗan sanda kuma an horar da shi ya kama wanda ake zargi ya kai shi gaban alƙali. Idan aka tura na farko aikin na biyu babu ƙa'ida, sakamakon a bayyane yake. An gan shi a Odi a Nuwamba 1999 da Zaki Biam a Oktoba 2001, inda daga baya kotunan tarayya suka umarci gwamnati ta biya diyyar biliyoyin naira. An gan shi a Zariya a Disamba 2015, inda kwamitin shari'a da gwamnatin Kaduna ta kafa ya tabbatar da mutuwar sama da mutum 340, ya kuma ba da shawarar a gurfanar da jami'an da ke da hannu. An gan shi a Tudun Biri, cikin ƙaramar hukumar Igabi, daren 3 ga Disamba 2023, lokacin da mutanen ƙauye suka taru don Mauludi, jirgi marar matuƙi na sojan ƙasa ya sakar musu bom, waɗanda suka ruga don ɗauko gawarwaki da masu rauni kuma aka sake sakar musu wani. Hukumar ba da agajin gaggawa ta ce an binne mutum 85. Rundunar ta amsa kuskurenta, babban hafsanta ya je ya ba da haƙuri, kuma wannan abin a yaba ne idan aka kwatanta da musun da aka saba. Amma wanda ya yi ɓarnar shi ya binciki kansa, shi ya yanke wanda za a kai kotun soja, shi kuma ya zaɓi abin da zai gaya wa jama'a. Uwar da ta rasa 'ya'yanta a daren nan ba ta da wata hukuma mai zaman kanta da doka ta wajabta wa sauraronta.

Fuska ta biyu ta fi ɓoyuwa, kuma ita ce ta haɗa wannan batu da juyin mulki. Hafsan da ya shekara goma yana sasanta sarakuna da makiyaya, yana sa dokar hana fita, yana karɓar motoci da kuɗin aiki daga hannun gwamna, yana ganin yadda 'yan siyasa ke rawar jiki a gabansa lokacin zaɓe, a hankali zai fara ganin cewa shi ne ke riƙe da ƙasar, masu babbar riga kuwa 'yan rakiya ne. Farar hula su ma suna koya masa wannan darasi da hannunsu. Da aka sa dokar ta-ɓaci a Filato a 2004, tsohon janar Chris Alli aka ba riƙon jihar. A Ekiti a 2006, tsohon janar Tunji Olurin. A Ribas a Maris 2025, tsohon hafsan sojan ruwa Ibok-Ete Ibas. Ko da kowannensu ya yi ritaya, saƙon da ke isa bariki ɗaya ne: idan al'amura suka rikice, mai kaki ake nema. Ƙasar da soja ya mulka kusan shekara 29 cikin shekara 39 na farkon 'yancinta bai kamata ta riƙa aika irin wannan saƙo ba. Matakin da Obasanjo ya ɗauka a Yuni 1999, na yi wa hafsoshin da suka taɓa riƙe muƙaman siyasa ritaya, ya taimaka ƙwarai, amma shawarar mutum ɗaya ce a lokaci ɗaya. Doka ce kawai take wanzuwa bayan mai ita ya sauka.

Masu adawa da wannan ra'ayi suna da hujjoji, kuma ba na raina su. Ta farko ita ce ta gaggawa. Za su ce 'yan bindigar da suka shiga Ƙanƙara ko Kuriga suka kwashe ɗalibai ba za su jira Majalisa ta dawo daga hutu ba, don haka ɗaure hannun shugaban ƙasa wasa ne da rayuka. Gaskiya ne, kuma babu mai hankalin da zai nemi a janye soja daga Zamfara ko Borno gobe. Amma kundin da kansa ya riga ya nuna yadda ake haɗa gaggawa da sa ido. Sashe na 5 ya hana tura soja yaƙi a ƙasar waje sai da amincewar Majalisar Dattawa, sannan ya ce idan barazana ta matso, shugaban ƙasa zai iya turawa nan take bayan ya shawarci Majalisar Tsaro ta Ƙasa, muddin ya nemi yardar dattawa cikin kwana 7, su kuma su amsa cikin kwana 14. Idan har ana buƙatar wannan kafin a harba harsashi a ƙasar wani, da wace hujja za a ce ba a buƙatar komai kafin a harba shi a Igabi? Afirka ta Kudu ta rubuta a sashe na 201 na kundinta cewa idan shugaban ƙasa ya fito da soja don taimaka wa 'yan sanda, dole ya sanar da majalisa ba tare da ɓata lokaci ba, ya faɗi dalili, wuri, yawan dakarun da tsawon lokacin. Wannan bai hana ta fito da dubban sojoji lokacin tarzomar Yuli 2021 ba. Amurka tana da dokar da ta taƙaita amfani da soja a aikin 'yan sanda tun 1878, kuma babu wanda ya ce ta raunana rundunarta.

Hujja ta biyu ta fi ɗaci: wace Majalisa? Mutane da yawa suna ganin 'yan majalisar nan a matsayin 'yan amshin shata, waɗanda idan an ba su ikon sa ido a kan soja za su mayar da shi hanyar neman kwangila. Wannan zargi yana da tushe, amma tarihi ya nuna cewa inda doka ta fito fili, ko raunanan hukumomi sukan yi abin kirki da ita. A Agusta 2023, lokacin da ECOWAS ta yi barazanar amfani da ƙarfi a kan Nijar, Shugaba Tinubu ya rubuta wa Majalisar Dattawa, ita kuma ta nemi a bi hanyar sulhu, bayan sanatocin arewa sun tuna wa kowa cewa mutanen Sakkwato da Ƙonni, Katsina da Maraɗi, Daura da Damagaram dangin juna ne. An ji muryarsu ne saboda kundin ya ba su kujera a teburin. A 2013, Mai shari'a Adamu Bello na Babbar Kotun Tarayya a Abuja ya yanke hukunci, a ƙarar da Festus Keyamo ya shigar, cewa naɗa hafsoshin tsaro ba tare da amincewar Majalisa ba ya saɓa wa doka, kuma tun daga nan ake kai sunayensu don tantancewa. A 2015 kotuna a Sakkwato da Legas sun yi hukunci a kan jibge soja a wuraren zaɓe, dokar zaɓe kuma ta taƙaita aikinsu ga tsare kayan zaɓe da ma'aikatansa bisa buƙatar hukumar zaɓe. Ba a bin wannan yadda ya kamata a ko'ina, amma yanzu akwai ma'aunin da lauya ko ɗan jarida zai ɗaga ya ce an ƙetare iyaka. Inda babu doka, ko wannan babu.

Hujja ta uku ita ce wadda ake faɗa a majalisun shayi da kafafen sada zumunta, musamman a bakin matasan da aka haifa bayan 1999: tunda farar hula sun kasa, soja ya karɓa gaba ɗaya mana, ga shi an yi ta murna a titunan Yamai da Wagadugu. Fushin da ke bayan wannan magana halastacce ne, domin yunwa da rashin tsaro da satar dukiyar jama'a ba ƙage ba ne. Amma ya kamata mai wannan fata ya san abin da doka take zama a hannun soja. Aikin farko na kowace gwamnatin soja a Najeriya shi ne fitar da dokar da ta dakatar da sassan kundin tsarin mulki, ta rushe majalisa, ta ɗora umarnin majalisar ƙoli ta soja a kan komai. A Afrilu 1970, a shari'ar Lakanmi, Kotun Ƙoli ƙarƙashin Sir Adetokunbo Ademola ta yi ƙarfin halin cewa dokar sojan da ta ƙwace dukiyar wasu mutane da aka ambata da suna ba ta halatta ba, domin yanke hukunci aikin kotu ne. Cikin 'yan makonni gwamnatin Gowon ta fitar da doka mai lamba 28, ta soke hukuncin, ta kuma haramta wa kowace kotu tuhumar ingancin dokar soja. Doka mai lamba 2 ta 1984 ta ba da damar tsare mutum ba tare da shari'a ba. Doka mai lamba 4 ta wannan shekara ta kai 'yan jarida biyu na Guardian, Tunde Thompson da Nduka Irabor, gidan yari. An rataye Ken Saro-Wiwa da mutum takwas a Nuwamba 1995 bayan hukuncin kotu ta musamman da ba a ɗaukaka ƙara daga gare ta. Shehu Musa 'Yar'aduwa, wanda shi kansa janar ne kuma tsohon mataimakin shugaban gwamnatin soja, ya rasu a tsare a kurkukun Abakaliki a Disamba 1997. Idan mai irin wannan matsayi bai tsira ba, talaka da me zai kare kansa? A Nijar kuwa, wa'adin da aka fara ambata na shekara uku ya koma biyar a Maris 2025, aka kuma rushe jam'iyyun siyasa. Gwamnan farar hula, komai lalacewarsa, yana da ranar sauka da aka rubuta, ana iya kai gwamnatinsa kotu, ana iya zaginsa a rediyo. Wanda ya hau da bindiga shi ke rubuta wa kansa ranar sauka, shi ke goge ta.

Akwai kuma masu tsoron cewa irin wannan doka za ta karya gwiwar dakarun da ke ba da rayukansu a Sambisa da dazukan Zamfara. A ganina ƙaramin soja shi ne zai fi kowa cin moriyarta. A Disamba 2014 kotun soja ta yanke wa sojoji 54 hukuncin kisa saboda ƙin fita yaƙi da Boko Haram, alhali kukansu shi ne ba a ba su isassun makamai ba. Shekara guda bayan haka aka sassauta hukuncin zuwa ɗaurin shekara 10, a daidai lokacin da ƙasa ta cika da zargin karkatar da dala biliyan 2.1 na sayen makamai. Da akwai sa ido na gaskiya a kan kasafin tsaro, da akwai ofishin da kurtu zai kai kuka ba tare da an kira shi ɗan tawaye ba, da wataƙila ba a kai ga haka ba. Jamus ta kafa irin wannan ofishi a ƙarƙashin majalisarta tun shekarun 1950, inda kowane soja yake da damar rubuta ƙorafi kai tsaye ba sai ya bi ta hannun kwamandansa ba. Sojan da ya san iyakar aikinsa a rubuce, ya san yaushe zai harba, ya san ranar da za a canje shi ya koma ga iyalinsa, ya fi wanda aka jefa daji shekara huɗu aka manta da shi ƙarfin zuciya. Rundunar da aka warwatsa a kan shingayen hanya kuma tana rasa lokacin horo da ƙwarewar da ake buƙata don babban aikinta.

Abin da ake nema daga Majalisar Tarayya ba shi da wuyar rubutawa. A yi dokar da sashe na 217 ya yi alkawari, wadda za ta wajabta wa shugaban ƙasa sanar da majalisun biyu a rubuce cikin 'yan kwanaki duk lokacin da ya fito da soja a cikin gida, da dalili da wuri da yawan dakaru. A sa wa kowane aiki wa'adi, idan ya cika sai an dawo an nemi sabuntawa a zaman da jama'a za su gani, tare da bayanin abin da aka yi don 'yan sanda su karɓi wurin. A buga ƙa'idojin amfani da makami a cikin harsunan da mutanen yankin suke ji, har da Hausa, Fulfulde da Kanuri, don mai gona ya san haƙƙinsa a shingen bincike. Duk inda aka kashe farar hula, binciken ya kasance a hannun hukuma mai zaman kanta da take da ikon kiran kowane hafsa, a fitar da rahotonta cikin lokacin da doka ta yanka, diyya kuma ta zama haƙƙi maimakon kyautar da ake kaiwa ranar ta'aziyya. A buɗe littafin kuɗin tsaro ga babban mai binciken kuɗi na tarayya da wani ƙaramin kwamiti da aka rantsar a kan riƙe sirri, a kuma kafa ofishin sauraron koken sojoji. Sannan a sake duba Dokar Rundunonin Soja daga farko har ƙarshe, domin wadda za ta tsara soja a mulkin dimokuraɗiyya ya dace ta fito daga hannun zaɓaɓɓu.

Hausawa sun ce idan gemun ɗan'uwanka ya kama da wuta, shafa wa naka ruwa. Hafsoshin Najeriya sun sha nanata biyayyarsu ga tsarin mulki, kuma babu dalilin ƙaryata su, amma ƙasa ba ta gina tsaronta a kan kyawun halin waɗanda ke riƙe da muƙami a yau. Sanatoci 109 da 'yan majalisar wakilai 360 suna da ikon yin wannan doka a zama ɗaya na shekara, ba sai an taɓa kundin tsarin mulki ba, domin kundin ne da kansa ya ɗora musu aikin. Mafi yawan garuruwan da soja ya zama hukumar yau da kullum a cikinsu suna arewa, mafi yawan gawarwakin da aka binne sakamakon kuskuren hari ma daga nan suke, don haka wakilan arewa ne ya kamata su fara gabatar da ƙudurin. Duk wanda ya zo neman ƙuri'a a Birnin Gwari, Anka, Bama ko Igabi, a tambaye shi matsayinsa a kan wannan doka, a kuma riƙe amsarsa har ranar zaɓe.